Tarihin George de Hevesy, Mutumin Da Ya Buɗe Wa Likitoci Hanyar Bin Sawun Cuta A Cikin Jiki

A wannan mako mun leƙa nahiyar Turai ne, inda muka ɗauko muku tarihin wani masanin kimiyyar haɗa sinadarai mai suna George de Hevesy, ɗan asalin ƙasar Hangari, wanda aka haifa a shekara ta 1885, ya kuma bar duniya a shekara ta 1966.

Da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba. Amma duk wanda ya taɓa raka mara lafiya sashen binciken cuta da sinadaran nukiliya a asibitin Korle Bu, ya ga an yi wa mara lafiyar 'yar allura a jijiya, aka ce ya jira, daga baya aka kwantar da shi a ƙarƙashin wata na'ura har hoton ƙashinsa ko na ƙodarsa ya fito a kwamfuta, to ya ga aikin wannan mutum da idonsa. Abin da ya ja hankalinmu ga tarihinsa kuwa shi ne, wannan babbar hanya ta bincike ta samo asali ne daga wani aiki da aka ba shi yana saurayi, ya shafe kusan shekara biyu yana fama da shi, daga ƙarshe aikin ya gagare shi.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Hevesy a birnin Budafest ranar 1 ga watan Agusta, 1885, a lokacin da Hangari da Ostiriya suke ƙarƙashin sarki ɗaya. Iyayensa masu hali ne, asalinsu Yahudawa, amma gidan ya koma addinin Kirista na ɗarikar Katolika, kuma shi ne na biyar a cikin 'ya'ya takwas. Ya gama sakandare a shekara ta 1903, ya fara jami'a a garinsu, daga nan ya wuce Barlin a ƙasar Jamus, sannan ya koma jami'ar Freiburg, inda ya sami digirin dakta a shekara ta 1908 yana ɗan shekara 23.

Bayan haka sai ya shiga yawon neman ilimi irin na almajiri, daga wannan malami zuwa wancan. Ya yi aiki a Zurich ta ƙasar Suwizalan a ƙarƙashin Richard Lorenz, ya zauna na ɗan lokaci a Karlsruhe wajen Fritz Haber, daga bisani ya ƙetare teku zuwa Manchesta ta ƙasar Ingila, wajen Ernest Rutherford, wanda a wancan zamani babu kamarsa a fagen binciken ƙwayar zarra. A can ne ya haɗu da wani saurayi sa'arsa ɗan ƙasar Danmak mai suna Niels Bohr, suka ƙulla abota wadda ta ɗore har mutuwa ta raba su. Mai karatu ya riƙe wannan suna, domin zai sake jin sa.

Aikin da ya gagara

A shekara ta 1911 Rutherford ya ɗora masa wani aiki. Gwamnatin Ostiriya ta aiko wa ɗakin binciken Manchesta da dalma mai yawan gaske, wadda aka samo daga wata ma'adana da ake haƙo duwatsun yuraniyam. A cikin wannan dalma akwai wani abu ɗan kaɗan mai daraja da masana suke kira radiyam D, wanda ke fitar da wani irin tartsatsi da ido ba ya gani amma na'ura tana jin sa. Rutherford yana son a ware masa radiyam D ɗin shi kaɗai, a zubar da dalmar. Hevesy ya karɓi aikin da ƙwarin gwiwa, ganin cewa raba sinadari da sinadari ai shi ne sana'arsa.

Ya narkar, ya tace, ya dafa, ya daskarar, ya bi duk wata dabara da aka sani a lokacin. Duk inda dalma ta nufa sai radiyam D ya bi ta, kuma da daidai gwargwadon da aka fara da shi. Haka ya yi ta yi har kusan shekara biyu ba tare da ya matsa ko taku ɗaya ba.

Dalilin gagarar ya fito fili a shekara ta 1913, lokacin da wani masani Bature ɗan Ingila mai suna Frederick Soddy ya bayyana abin da ake kira aisotof. Bayanin shi ne, kowane sinadari na asali, kamar ƙarfe ko zinare ko dalma, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin zarra, kuma a cikin ƙwayoyin sinadari ɗaya akan sami waɗansu sun ɗara waɗansu nauyi kaɗan, alhali halinsu wajen narkewa da haɗuwa da sauran sinadarai iri ɗaya ne sak. Kamar tagwaye ne masu kama ɗaya. Ashe radiyam D shi ma dalma ce, wadda a yau ake kira dalma 210. Bambancinta da dalmar da muka sani kawai shi ne ita ba ta zaune lafiya, kullum tana fitar da tartsatsi. Ke nan abin da aka sa Hevesy ya yi shi ne ya raba dalma da dalma ta hanyar haɗa sinadarai, wanda kuwa babu mai iya yin haka.

Ƙararrawa a wuyan rago

A nan ne hazaƙar mutumin ta bayyana. Maimakon ya tattara kayansa ya koma gida da sunan ya faɗi, sai ya juya maganar ta ɗaya ɓangaren. Tunda radiyam D ba ya rabuwa da dalma, kuma tunda shi ana iya jin motsinsa da na'ura, to ai in aka zuba ɗan kaɗan daga cikinsa a dalmar da ba ta tartsatsi, duk inda dalmar ta shiga za a iya bin sawunta.

Iyayenmu da suka yi fataucin dabbobi daga arewa zuwa Kumasi za su fi kowa gane wannan dabara. Idan makiyayi ya ɗaura wa rago ɗaya ƙararrawa a cikin garke, ba ya bukatar ya ga garken da ido cikin duhu, ƙarar ta isa ta gaya masa inda suka dosa, domin ragon ba ya barin 'yan'uwansa. To haka aisotof mai tartsatsi yake a cikin 'yan'uwansa marasa tartsatsi.

A shekara ta 1913 Hevesy ya tafi Biyenna, babban birnin Ostiriya, inda akwai cibiyar binciken radiyam, ya haɗa kai da wani masani mai suna Fritz Paneth. Su biyun suka gwada dabarar wajen auna yawan abin da ke narkewa a ruwa daga waɗansu gishirin dalma guda biyu, waɗanda narkewarsu ta yi ƙanƙantar da ma'auni ba ya iya kama ta sosai. Da taimakon tartsatsin suka sami awon. Wannan shi ne karo na farko da aka yi amfani da aisotof mai tartsatsi a matsayin mai nuna sawu.

Akwai wani labari mai ban dariya da ake yawan bayarwa game da zamansa na Manchesta. An ce a gidan hayar da yake zaune ana ba su abinci, shi kuma yana zargin matar gidan tana tattara sauran naman da suka rage ta sake dafa musu a wani kamanni bayan kwanaki, ita kuwa ta musanta. Sai ranar nan ya ɗiga ɗan sinadari mai tartsatsi a kan naman da ya bari a kwano. Bayan 'yan kwanaki aka kawo wani abinci dabam, ya fito da na'urarsa ya kara a kai, na'urar ta nuna tartsatsi. Maganar musu ta ƙare daga nan.

Yaƙi, hijira da sabon sinadari

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a shekara ta 1914, an ɗauke shi aikin soja a rundunar Ostiriya da Hangari. Bayan yaƙin ya koyar a jami'ar Budafest, inda shi da wani abokin aikinsa suka yi amfani da dabarar nan wajen binciken yadda ƙwayoyin zarra suke tafiya daga wuri zuwa wuri a cikin dalma. Sai dai ƙasar ta faɗa rikicin siyasa a shekara ta 1919, gwamnati ta hau ta sauka, kuma waɗanda suka karɓi mulki daga baya suka hana shi koyarwa. Mutumin da aka haifa a gidan arziki a wannan birni ya wayi gari ba shi da wurin aiki a ƙasarsa.

Abokinsa Niels Bohr ne ya buɗe masa ƙofa. A shekara ta 1920 Hevesy ya koma Kofenhagen, babban birnin Danmak, inda Bohr yake kafa cibiyarsa ta bincike. A wancan lokaci akwai gurabe a jadawalin sinadarai da ba a cike ba, ɗaya daga cikinsu shi ne gurbi na 72. Masana da dama suna nemansa a cikin wani rukunin duwatsu, amma lissafin Bohr ya nuna cewa ya kamata ya yi kama da wani ƙarfe da ake kira zakoniyam, saboda haka a can ya dace a duba. Hevesy da wani ɗan ƙasar Holan mai suna Dirk Coster suka ɗauko duwatsun zakoniyam suka haska su da hasken eksire, sai ga alamar sinadari na 72 ta fito. Wannan ya faru ne a ƙarshen shekara ta 1922, kuma Bohr ya sanar da shi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a watan Disamba na wannan shekara. Suka raɗa masa suna hafniyam, daga Hafnia, wato sunan Kofenhagen da harshen Latin, don girmama garin da ya sauke su. Wani masani Bafaranshe mai suna Georges Urbain ya yi iƙirarin cewa shi ya fara gano shi, aka yi ta ja-in-ja na shekaru, amma daga ƙarshe sunan hafniyam ne ya tabbata. A yau ana amfani da wannan ƙarfe a sandunan da ke daidaita wutar injin nukiliya da kuma a ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Gano sabon sinadari kaɗai ya isa ya sa sunan mutum a littattafai. Amma hankalin Hevesy yana kan mai nuna sawun nan nasa.

Daga wake zuwa jinin mutum

A shekara ta 1923 ya shigar da dabarar cikin abu mai rai a karo na farko. Ya jiƙa saiwar wani irin wake mai faɗi a ruwan da ke ɗauke da dalma mai tartsatsi, bayan wani lokaci ya yanka shukar kashi-kashi, ya ƙona kowane kashi, ya auna tartsatsin tokar. Da haka ya san nawa ne ya tsaya a saiwa, nawa ya hau kara, nawa ya kai ganye. A shekara ta 1924 shi da waɗansu masana biyu 'yan Danmak suka gwada a jikin zomaye da wani sinadari mai suna bismat, wanda likitocin zamanin suke maganin tunjere da shi, don a gane inda maganin yake taruwa a jiki da yadda yake fita. A wannan shekarar ce kuma ya auri wata 'yar Danmak mai suna Pia Riis, suka haifi 'ya'ya huɗu.

Sai dai akwai cikas. Sinadarai masu tartsatsi da ake da su a lokacin duk masu nauyi ne irin su dalma, kuma dalma guba ce, jiki ba ya bukatarta. Abin da masu binciken lafiya suke so shi ne su bi sawun abubuwan da jiki yake rayuwa da su, kamar ruwa da sinadaran da ke cikin abinci. Wannan sai da ya jira shekara goma.

A tsakanin nan ya koma Freiburg a shekara ta 1926 a matsayin farfesa. Da Hitila ya hau mulkin Jamus a shekara ta 1933, aka fara korar masu asalin Yahudanci daga jami'o'i, Hevesy ya ga abin da ke tafe, ya ajiye kujerarsa a shekara ta 1934 ya sake komawa Kofenhagen wajen Bohr. Hijira ta biyu ke nan.

Abubuwa biyu suka buɗe masa hanya a wannan lokaci. Na farko, wani Ba'amurke mai suna Harold Urey ya gano wani irin ruwa da ake kira ruwa mai nauyi, wanda ba ya tartsatsi amma ana iya bambanta shi da ruwan sha ta hanyar awo. Urey ya aiko masa da shi. Hevesy da mataimakinsa Erich Hofer suka sha shi da kansu bayan an sirka, suka riƙa auna fitsarinsu kullum. Sakamakon ya nuna cewa ruwan da mutum ya sha yakan yi kimanin mako biyu a jiki, a matsakaicin lissafi, kafin ya fita. Kafin wannan gwaji babu wata hanya ta sanin haka, domin ruwan da aka sha yau da wanda yake cikin jiki tun jiya ba su da bambanci a ido.

Na biyu, a shekara ta 1934 Irène Curie da mijinta Frédéric Joliot suka nuna a birnin Faris cewa mutum yana iya ƙera aisotof mai tartsatsi da hannunsa daga sinadarai marasa nauyi. Nan da nan Hevesy ya ƙera fosfaras 32. Fosfaras sinadari ne da ke cikin ƙashi da haƙori da jini da kowace ƙwayar halitta ta jiki, kuma wannan nau'i nasa ƙarfin tartsatsinsa yana raguwa da rabi duk bayan kimanin kwana 14. A shekara ta 1935 shi da wani likitan fiɗa mai suna Ole Chievitz suka ciyar da ɓeraye abinci mai ɗauke da shi. Abin da suka gani ya ba masana mamaki. An ɗauka cewa ƙashin babba in ya gama girma ya zama kamar ginin dutse, babu shiga babu fita. Sai ga fosfaras ɗin da ɓera ya ci ya shiga cikin ƙashinsa, tsohon da ke ciki kuma yana fita. Ashe jiki kullum cikin rushewa da sake gini yake, har ƙashi. A kan wannan sani ne hoton ƙashi da ake ɗauka a yau ya dogara, domin inda cuta ta taɓa ƙashi, a nan aikin ginin ya fi sauri, a nan kuma sinadarin allurar ya fi taruwa.

A shekara ta 1936 shi da wata matashiya mai suna Hilde Levi, wadda ita ma gudun hijira ta yi daga Jamus, suka ƙirƙiro wata hanyar bincike dabam. Idan aka harbi abu da ƙwayoyin da ake kira nutiron, sinadaran da ke ɓoye a cikinsa sukan fara tartsatsi, kowanne da irin nasa, ta haka sai a gane abin da ke ciki komai ƙanƙantarsa ba tare da an lalata abin ba. Daga baya Ernest Lawrence na Amurka, wanda ya ƙera injin da ke samar da aisotof da yawa, ya riƙa aiko masa da fosfaras mai ƙarfi ta gidan waya. Zuwa shekara ta 1940 Hevesy da abokan aikinsa sun iya yi wa jajayen ƙwayoyin jini alama da fosfaras 32, a mayar da su jiki, a jira su gauraya, a ɗebi kaɗan a auna. Gwargwadon yadda alamar ta tsinke, gwargwadon yawan jinin da ke jikin. Likitoci suka karɓi wannan hanya wajen auna jinin marasa lafiya.

Amanar zinare

Ranar 9 ga watan Afrilu, 1940, sojojin Jamus suka mamaye Danmak. A cibiyar Bohr akwai amanar da ke iya jawo wa mutum halaka. Masana biyu Jamusawa, Max von Laue da James Franck, sun ba da ajiyar lambobinsu na zinare na kyautar Nobel a can. Fitar da zinare daga Jamus babban laifi ne a dokar Hitila, ga shi an zana sunayen masu su a jiki, kuma von Laue yana zaune a Barlin. Hevesy ya kawo shawarar a binne su, Bohr ya ji tsoron za a tono. Sai Hevesy ya koma ga sana'arsa. Ya haɗa ruwan asid iri biyu masu ƙarfi, haɗin da masana ke kira ruwan sarauta saboda yana narkar da zinare, ya jefa lambobin a ciki har suka narke, ya ɗora kwalbar a kan kanta cikin sauran kwalabe. Daga baya sojoji suka mamaye cibiyar suka bincike ta, kwalbar tana nan a gabansu, babu wanda ya kula da ita. Bayan yaƙi aka tace zinaren daga ruwan, aka aika da shi Sitokholm, aka sake zuba lambobin, aka mayar wa masu su a farkon shekarun 1950.

Shi kansa bai tsira da zama a Danmak ba. A shekara ta 1943, da aka fara farautar Yahudawan ƙasar, ya tsallaka zuwa Suwidin yana ɗan shekara 58. Hijira ta uku. A can yana gudun hijira aka sanar da shi a shekara ta 1944 cewa an ba shi kyautar Nobel ta fannin haɗa sinadarai ta shekara ta 1943, saboda aikinsa na amfani da aisotof wajen bin sawu. Aikin da ya gagare shi a Manchesta shekara talatin baya shi ne ya kai shi nan.

Ya zauna a Sitokholm ya zama ɗan ƙasa, ya ci gaba da bincike har tsufansa, musamman kan yadda hasken eksire yake hana ƙwayoyin ciwon daji hayayyafa da kuma yadda jikin mai ciwon daji yake sarrafa sinadarin ƙarfe na jini. Ya sami lambar Copley ta ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila a shekara ta 1949. Ya mutu ranar 5 ga watan Yuli, 1966, a Freiburg, garin da ya yi karatu, yana ɗan shekara 80.

Inda aikinsa ya iske mu

Hevesy ba likita ba ne, bai taɓa duba mara lafiya ba. Waɗansu ne suka ɗora a kan harsashinsa. A shekara ta 1938 aka gano aidin 131 da kuma teknishiyam 99m a Amurka. A shekara ta 1941 wani likita mai suna Saul Hertz ya fara warkar da masu cutar ƙullutun maƙogwaro mai aiki fiye da kima da aidin mai tartsatsi, domin wannan ƙullutu shi ne ke zuƙe aidin a jiki. A shekarun 1950 Hal Anger ya ƙera kyamarar da ke ɗaukar hoton tartsatsin daga wajen jiki. A yau teknishiyam 99m ne aka fi amfani da shi a irin wannan hoto a duniya, ga miliyoyin mutane a kowace shekara, kuma ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan awa 6.

A nan Gana ma aikinsa yana tare da mu. An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta ƙasa a shekara ta 1963, mazauninta yana Kwabenya, kuma ƙaramin injin nukiliya na bincike da ya fara aiki a can a tsakiyar shekarun 1990, babban aikinsa shi ne wannan bincike da nutiron da Hevesy da Hilde Levi suka ƙirƙiro, inda ake auna abin da ke cikin ƙasa da ruwa da abinci da duwatsun ma'adinai. Irin wannan inji ne ya fara aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekara ta 2004. A Korle Bu kuma an buɗe cibiyar gashin ciwon daji da binciken nukiliya a shekara ta 1997. Hatta ruwa mai nauyin nan da ya sha da bakinsa, masu binciken abinci mai gina jiki suna ba uwa mai shayarwa kaɗan daga cikinsa don su auna yawan nonon da jariri yake samu.

Muna da dalilin kawo wannan bayani. A zangunanmu kalmar nukiliya ba ta tuna wa mutane komai sai bam, kuma akan sami mara lafiyar da likita ya tura wannan hoto, 'yan'uwa su taru su hana shi, a koma gida ana jiƙe-jiƙe har cuta ta ci ƙarfinsa. Iyayenmu mata su suka fi shan wannan wahala, musamman masu ciwon dajin mama, waɗanda ake son a duba ko cutar ta kai ƙashi kafin a san maganin da ya dace. Ya kamata mu sani cewa abin da ake sa wa mutum a wannan allura ɗan kaɗan ne ƙwarai, aikinsa nuna sawu, kuma cikin kwana ɗaya zuwa biyu mafi yawansa ya mutu ko ya fita ta fitsari. Wannan hoto dabam yake da gashi, wanda shi magani ne da ake yi da haske mai ƙarfi. Mai juna biyu da mai shayarwa su gaya wa likita tun kafin a fara, saura kuwa a yi tambaya a ji bayani daga bakin ma'aikatan, hakkin mara lafiya ne.

Ga 'yan'uwanmu matasa kuma, muna da ƙanne da abokai da jarrabawar kammala sakandare ta kayar, musamman a lissafi da kimiyya, suka ajiye littafi daga ranar. Gaskiya ne Hevesy ɗan masu kuɗi ne, ya sami gatan da yawancinmu ba mu da shi. Amma kuɗin gidansu ba su raba masa radiyam D da dalma ba, kuma ba su hana a kore shi daga aiki a ƙasar haihuwarsa ba. Abin da ya yi shi ne ya tsaya ya binciki dalilin da ya sa ya kasa, kuma a cikin dalilin ya tsinci abin da ya rayu a kansa shekara hamsin. Sau uku yana barin gida ya sauka baƙo a ƙasar wasu, kamar yadda kakanninmu suka sauka a nan, kuma kowane karo iliminsa da amincin da ke tsakaninsa da abokinsa ne suka samar masa masauki. Asibitocin ƙasar nan suna bukatar masu ɗaukar hoto, da masu haɗa waɗannan allurai, da masana lissafin haske, kuma babu dokar da ta ce ɗan Nima ko Sabon Zango ko Aboabo ba zai zauna a wannan kujera ba. Ranar da tsohuwa ta shiga ɗakin hoto ta tarar da ɗan unguwarsu yana yi mata bayani da Hausa, tsoron da muke magana a kai zai ragu da kansa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa wa karatun yaranmu albarka. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.